Yadda Ake Cajin Agogon Zamani a Sakkwato, a Gida da Kan Hanya

Agogon zamani na farko da na saya bai cika shekara ba ya mutu, kuma ni na kashe shi da hannuna. Cikin watan Afrilu ne na jona shi a bakin taga, a ɗakin da rufinsa kwano ne, tun hantsi har bayan la'asar. Da na zo ɗauka sai da na sake shi don zafi. Makonni kaɗan bayan haka murfin bayansa ya ɗago, batirin ya kumbura kamar fanke. Tun daga lokacin na riƙe wasu biyu, na kuma zama wanda 'yan gida ke kawo wa nasu idan ya ƙi caji. Abin da na gano shi ne, a garin nan zafi da jiƙa ne ke cinye agogo, kuma dukansu a wajen caji suka fi yin ɓarna.

Kafin mu fara, ga ɗan abin da ya kamata ka sani. Batirin da ke ciki na litiyam ne, irin na waya, sai dai ƙarami ne ƙwarai. Yawancinsu tsakanin mAh 200 zuwa 500 suke (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), alhali wayar Tecno ko Infinix ta yau da kullum tana ɗauke da 5,000. Caji da kansa yana ɗumama batir. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da agogonsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40 a inuwa. Ka haɗa waɗannan biyu, ka ga inda matsalar take.

Kayan da za ka tanada

Na farko igiyar cajin da ta zo cikin kwalin agogon. Iri biyu ne. Akwai mai 'yan haƙora biyu na ƙarfe da maganaɗisu, wadda ke manne wa ɗigo biyu masu ruwan zinari a bayan agogo; ita ce ta Oraimo, itel, Redmi da mafi yawan agogunan da ake sayarwa a kasuwa. Akwai kuma faifai mai santsi wanda ake ɗora agogo a kansa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, irin na Apple Watch da Galaxy Watch.

Na biyu kan caja mai kyau. Ka juya shi ka karanta ƙananan rubutun da ke jiki: kana neman 5V, da 1A ko 2A. Tsohon kan cajar da ya zo da ƙaramar wayarka, in dai na asali ne, ya fi sabon jabu mai ƙyalli nesa ba kusa ba.

Sai ƙyalle mai laushi busasshe, tsinken auduga na goge kunne, tsohon buroshin haƙori, da ɗan sifirit na kemis. Fawa banki ma ya shiga lissafi, ko ba ka zuwa ko'ina. Sai ƙaramar jaka ko kwalin tabarau da za ka riƙa ajiye igiyar.

Matakan caji a gida

1. Cire agogon, ka bar shi ya huce ya bushe. Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa. Mutum ya dawo daga kasuwa a kan kabu-kabu, zufa ta jiƙa hannunsa, ko ya idar da alwala ruwa na ɗiga daga gwiwar hannu, sai ya cire agogo ya manna wa caja nan take. Zufa gishiri ce, kuma gishiri da danshi idan wuta ta ratsa su suna cin ƙarfe. Shi ya sa za ka ga ɗigon nan biyu sun yi baƙi ko kore-kore bayan 'yan watanni. Kada rubutun da ke kwali cewa agogon ba ya shan ruwa ya ruɗe ka. Wannan maganar cikinsa ce, ɗigon cajin kuwa a waje suke, ba abin da ya rufe su. Goge bayan agogon da ƙyalle, ka ajiye shi minti 10 kafin ka jona. Mu da ke taɓa ruwa sau biyar a rana, dole wannan ya zama mana ɗabi'a.

2. Duba haƙoran igiyar da bayan agogon. Maganaɗisu yana kwashe ɓurɓushin ƙarfe daga ƙasa, ƙurar hunturu kuma tana cika ramukan. Kakkaɓe da buroshi. Idan datti ya kama, ɗiga sifirit a tsinken auduga ka murza a hankali, ka jira ya bushe. Kada ka kankare da allura ko reza. Ruwan zinarin da ke kai siriri ne, da ka kankare shi tsatsa ta samu ƙofa. Ka danna haƙoran igiyar da farce: ya kamata su shige su dawo, domin akwai ɗan sifirin a bayansu. Wanda ya maƙale a ciki ba zai taɓa agogo ba, komai daɗewar da ka yi kana jira.

3. Zaɓi wuri. A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, domin shi ne bambancin agogon da zai yi shekara uku da wanda zai yi wata takwas. Wuri mai tauri, mai inuwa, mai iska. Daɓen siminti a lungun ɗaki ya fi tebur sanyi. Ni nawa a ƙasa nake ajiyewa, kusa da randa amma ba inda ruwa ke tsatsafowa ba. Ban da kan katifa, ban da ƙarƙashin matashi, ban da kan talabijin ko dikoda ko inbata, waɗanda su ma zafi suke fitarwa. Ban da bakin taga, ka ji abin da ya same ni. Mai faifai ya fi buƙatar wannan kulawa, domin cajin da ba ya bi ta ƙarfe ya fi ɗumi.

Wani ɗan yayata ya taɓa ce mini, "Kawu, to in sa shi cikin firij mana ya huce." Na ce masa ko kusa. Abu mai sanyi idan ya fito cikin iska mai ɗumi raɓa yake tarawa, kamar yadda kake gani a jikin gorar ruwan sanyi, kuma har cikinsa take taruwa. Inuwa da haƙuri sun isa.

4. Zaɓi lokaci. A bazara, bayan sallar asuba zuwa ƙarfe tara shi ne lokacin da ɗaki ya fi sanyi. Tsakanin azahar da la'asar kuwa ka ƙyale shi, sai in dole. Yawancin agoguna cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu suke cika, don haka babu dalilin kwana a kan caja. Masu son agogo ya auna musu barci su jona shi lokacin wanka da karin kumallo. Apple Watch samfuri na 7, wanda ya fito a 2021, yana kai kashi 80 cikin kusan minti 45 idan aka haɗa igiyarsa mai bakin USB-C da kan caja mai wat 20.

5. Jona da tsari. Fara manna igiyar a bayan agogo, ka bar maganaɗisun ya ja da kansa. Idan ka ji yana tunkuɗewa, ka juya ta ne, sai ka sauya gefe. Kada ka tilasta. Daga nan ka sa kan cajar a soket ka kunna. Tsaya ka ga alamar caji ta fito a fuskar agogon, ka kuma dawo bayan minti biyar ka tabbatar lambar ta motsa. Sau da yawa madaurin agogo ne ke ɗaga shi daga kan faifai, ko nauyin igiya ya janye haƙori ɗaya, kai kuma ka tafi da zaton yana ci. Kwance madaurin ka shimfiɗa shi, ko ka ɗora wani ɗan abu a kan igiyar don kada ta ja.

6. Kula da irin wutar da kake ba shi. Lokacin da aka dawo da wuta, kada ka yi rige-rigen jonawa. Bari minti biyar ta zauna, ka kalli ƙwan ɗaki, idan yana haske yana dushewa ka dakata. Janareta ma haka: a tayar, ya daidaita, sannan a jona, a kuma cire kafin a kashe ko kafin mai ya ƙare ya fara tari. Da damina idan hadari ya haɗu ana walƙiya, zare komai daga bango.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce kada agogo ya taɓa soket ko kaɗan. Cika fawa banki da wutar gida ko ta sola ko ta janareta, sannan ka ciyar da agogo daga fawa bankin. Wutar da ke fitowa daga cikinsa a daidaice take, kuma ka huta da jiran a kawo wuta. In wani abu zai ƙone, gara kan caja ya ƙone, ba agogo ba.

7. Cire shi idan ya isa. Litiyam ba ya son zama fanko, ba ya kuma son daɗewa a cike, musamman cikin zafi. Ka jona idan ya sauko kusan kashi 20, ka cire a 80 ko 90. Ranar tafiya ka cika shi 100, ba laifi. Agogunan Apple suna da wani tsari a cikin saitin batir da ke koyon lokacin da ka saba cirewa, ya tsaya a 80 sai dab da lokacin ya ƙarasa. Ka bar shi a kunne. Maganar da masu shago ke yi cewa sabon agogo sai ya yi awa takwas a caja, ko sai ya mutu ɗungurum kafin a sake jonawa, gadon tsofaffin baturan nikel ne na zamanin da. Ba ta shafi naka ba.

8. Zare igiyar daga wuta, ka ajiye ta. Kada ka bar ta a jone tana lilo. Haƙoran nan biyu a buɗe suke kuma da wuta a jikinsu, ga maganaɗisu yana neman ƙarfe. Da ta manne wa makulli, ko ƙarfen gado, ko cokali, sai wutar ta haɗe, igiyar ta yi zafi ko kan cajar ya lalace. A gidan da ke da yara ƙanana wannan ba abin wasa ba ne, domin komai baki suke kaiwa.

Idan wani abu ya ɓace ko babu

Igiya ita ce ta fi ɓata. Idan za ka sayi wata, tafi da agogon a hannunka. Igiyoyin masu haƙora biyu kamanninsu ɗaya a ido, amma tazarar haƙoran ta bambanta, akwai ta milimita 2.84, akwai ta 4, akwai ta 7.62. Ko tazarar ta yi daidai, ɓangaren da wuta ke shiga yana iya zama a juye. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, duk ɗaya ne, ɗauki wagga." Ka ce masa a gwada a gabanka. Idan alamar caji ba ta fito cikin 'yan daƙiƙu ba, ko bayan agogon ya fara ɗumi babu alama, cire maza. In ka dace, sayi biyu, ɗaya ta zauna a gida ɗaya a jakar tafiya. Apple Watch kuwa ba ya ci a faifan cajin waya na gama-gari, sai nasa.

Idan kan caja ne babu, ramin USB na kwamfuta ya wadatar, haka na jikin fitilar sola ko fanka mai caji. Agogo ba ya jan wuta da yawa. Kan caja mai saurin caji na babbar waya, in na asali ne, daga 5V yake farawa, ba ya ƙara ƙarfi sai na'urar ta nema, don haka yawanci babu matsala. Amma ga agogo mai araha na fi natsuwa da ƙaramin kai mai 1A, kuma takardar da ke cikin kwalin da yawansu ma abin da ta ce ke nan.

Shagon masu caji fa? Ga waya babu laifi. Agogo dai ban cika so ba. Allo ɗaya, caja hamsin, janareta na ruri, rumfar kwano, ga shi abu kaɗan zai goge shi haɗin ya rabu. Ka kai fawa bankinka can, agogon ya zauna a gida.

A kan hanya

1. Daren tafiya ka cika uku: waya, fawa banki, agogo. Naɗe igiyar a sassauce, kada ka lanƙwasa wuyanta, ka sa ta a kwalinta daban da makullai da canjin ƙarfe.

2. Rage abin da ke shan batir. Kashe fuskar da ke kwana a kunne, sauke haske, hana saƙonnin zaurukan WhatsApp shigowa agogon. Wanda ke cikin zaure goma, na 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai da na unguwa, hannunsa ba ya daina rawa, kuma kowace girgiza batir ce. Agogon da ke yin kwana biyar zuwa bakwai, in ka yi haka, za ka je Kano ta Gusau da Funtuwa da Zariya ka kwana biyu ka dawo ba ka buɗe kwalin igiya ba. Masu Apple Watch ne ba su da wannan hutun, domin nasu na yau da kullum awa 18 zuwa 24 aka ƙiyasta masa, gwargwadon samfuri.

3. Fawa banki yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa mutane. Ka jona agogo, ya fara ci, bayan ɗan lokaci kaɗan fitilun fawa bankin su mutu. Ba lalacewa ya yi ba. An yi shi ne ya kashe kansa idan ya ji abin da ake ja ya yi kaɗan, agogo kuwa ɗan kurɓa yake yi, sai ya ɗauka babu kowa. Da yawansu, irin na Xiaomi da Anker, suna da yanayin ƙananan na'urori: a wasu danna maɓallin sau biyu ake yi, a wasu a danne shi na 'yan daƙiƙu, sai ka ga fitila ta sauya. Idan naka ba shi da wannan, jona waya a ɗaya ramin a lokaci guda, ita za ta hana shi barci. Ka gwada tun kana gida, kada sai ka isa ƙauye ka gane. Mai mAh 10,000, ko an cire asarar da ake yi wajen juya wuta, zai cika agogo mai 300 fiye da sau 15.

4. A mota, bari direba ya tayar da inji kafin ka jona a cajar mota. Kada ka ɗora agogo a kan dashbod, kada ka bar shi cikin motar da aka rufe a rana, ko da tsayawar sallah da cin abinci ce a Talatar Mafara. Girgizar hanya ma tana raba haƙoran da agogo. Abin da nake yi shi ne in ɗaure su tare da robar ɗaure kuɗi, in sa a aljihun gaba na jaka inda rana ba ta bugu, in bar zif a ɗan buɗe.

5. Idan babu fawa banki, wayarka za ta iya ciyar da agogon. Nemi ɗan mahaɗin OTG, wanda ke ba da damar jona igiyar USB a waya, ka sa a gindin wayar, ka jona igiyar agogo a ciki. A wayoyin Tecno da Infinix da yawa sai ka shiga saiti ka kunna OTG da kanka. Abin da agogon zai sha bai kai kashi 10 na batirin wayar ba. iPhone daga 15 zuwa sama tana cajin Apple Watch kai tsaye ta bakin USB-C, wasu wayoyin Samsung kuma suna cajin wasu samfuran Galaxy Watch idan aka kifa wayar aka ɗora agogon a bayanta.

6. Mai hawa jirgi daga filin Sultan Abubakar III ya sani cewa fawa banki a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da ake aunawa a kai ƙarƙashin jirgi ba. Iyakar da ba ta buƙatar izini ita ce Wh 100, wato ma'aunin ƙarfin batir da jirage ke amfani da shi. Mai mAh 10,000 kusan Wh 37 ne, mai 20,000 kusan 74, duka sun wuce lafiya. Manyan nan masu 30,000 zuwa sama su ne ake tsayarwa. Wasu kamfanonin jirage sun hana amfani da shi bayan an shiga, don haka ka yi cajinka a ɗakin jira.

7. Bakin soket yana sauyawa da ƙasa. Maniyyata ba su da damuwa sosai, Saudiyya irin namu take amfani da shi mai ƙafa uku masu kusurwa. Matsalarsu cunkoso ce, a tantin Mina mutum nawa ne ke layi a kan soket ɗaya, nan ma fawa banki ne mafita. Wanda zai tsallaka Illela ya shiga Ƙonni ko ya wuce Yamai kuwa zai tarar da soket irin na Faransa mai ramuka biyu zagayayyu, sai ya riƙe adafta ko kan caja mai ƙafa biyu. Kan cajar da aka rubuta wa 100 zuwa 240V yana aiki a ko'ina.

Idan ya ƙi ci

Bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Goge haƙora da bayan agogo. Duba ko ledar da ke manne a bayan sabon agogo ko a kan faifan tana nan, na ga wanda ya kusa mayar da agogo shago saboda ita. Sauya kan caja, sauya soket, ari igiya irin taka ka gwada. Agogon da ya daɗe a mace ba ya nuna komai da farko, ka bar shi minti 30 a jone kafin ka yanke masa hukunci. Idan ya yi zafi ya tsaya da kansa, kare batir yake yi, cire shi ka bar shi ya huce.

Alama ɗaya ce ba a jayayya da ita. Idan gilashin fuska ko murfin baya ya fara ɗagowa, ko agogon ya daina zama daidai a kan faifai yana rawa, batir ya kumbura. Daina caji, daina ɗaurawa, kada ka danna shi ya koma, kada ka huda. Sa shi cikin kwanon ƙarfe ko na ƙasa nesa da katifa da fetur, ka kai wa mai gyara. Kada ka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Wanda kuma zai ajiye agogo na tsawon lokaci, ko don ya sayi sabo ko don zai yi doguwar tafiya ba da shi ba, ya bar shi a kusan kashi 50, ya kashe shi gaba ɗaya, ya sa a ƙasan durowa a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Duk bayan wata uku ya fito da shi ya duba, in ya sauka ya mayar da shi rabi, igiyar kuma a ɗaure ta a jikin madaurin don kada ranar nema a rasa inda ta shiga.